Jirage Uku Na Saya Kafin In Gane Wanda Nake Nema

Jirgin farko da na sa kuɗi na saya don in ɗora a kan Microsoft Flight Simulator, manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama a kwamfuta, hoto ne ya ja ni. An ɗauke shi da yamma, rana na dukan fiffike, ana ganin kan kowace ƙusa har da ɗinkin fatar kujera. Ban tambayi kowa ba na biya. Ba zan kama sunan waɗanda suka ƙera shi ba, domin su dai hoto suka tallata, hoto kuma na samu. Kwana uku ina zagaya shi da kyamara. A rana ta huɗu na haura da shi ƙafa 9,000, na fara jan jan maɓallin nan da ke rage man da ke shiga inji, ina jiran sauti ya sauya, allurar zafin hayaƙi ta motsa. Shiru. Na ƙara ja, shiru. Sai da na kai shi ƙarshe injin ya mutu lokaci guda, kamar an kashe fitila. Kyan ɗan maciji ke nan.

Wanda bai saba ba zai ce mene ne abin damuwa a maɓalli guda. To, a ƙaramin jirgi mai injin fistan wannan maɓalli rabin aikin matuƙi ne. Kana hawa sama iska na yin shara-shara, man da ya dace da inji a ƙasa sai ya yi masa yawa, ƙarfi ya ragu, tanki ya riƙa zurarewa a banza. Jirgin da bai san da wannan ba, mota ce kawai aka liƙa wa fiffike.

Haushin wannan ne ya tura ni ɗaya gefen. Na ce yanzu sai mai wahala, na sayi mai inji biyu, maɓallai ko'ina kamar shagon mai gyaran rediyo. Nan kuma laifin nawa ne ɗungurungum. Abin da ke kan teburina sandar tuƙi ce guda, mai murɗawa a maimakon feda, da totur ɗaya tal. Jirgin yana neman liba shida: biyu na totur, biyu na farfela, biyu na mai. Ranar da na gwada kashe inji ɗaya bayan tashi, hancin ya karkata, na murɗe sanda har wuyan hannuna ya yi tsami, ina laluben linzamin kwamfuta da ɗaya hannun don in daidaita farfelar injin da ya mutu. Kafin in same ta mun isa bishiyoyi. Ban da haka, lokacin da nake samu bai wuce awa ɗaya da dare ba, kuma minti ashirin na tafiya wurin tayar da jirgin.

Wani abokina da ya yi karatun tuƙin jirgi na gaske na kai wa kuka. Ya yi dariya ya ce, "Malam, wanda aka ba ka kyauta ka gama da shi ne?" Yana nufin Cessna 172 da ke zuwa tare da manhajar, wanda na raina don kowa yana da shi. Ya ce in nemi littafin matuƙi na jirgin gaske, in buɗe shafukan lissafi, in riƙa gwadawa.

Wannan shawara ce ta sauya mini komai. Ba a banza 172 ya zama jirgin da aka fi ƙerawa a tarihi ba, sama da 44,000 tun 1956, kuma alƙalumansa ba ɓoyayyu ba ne. Samfurin 172S yana da injin Lycoming mai ƙarfin doki 180. Littafi ya ce da cikakken lodi, a daidai tsayin teku, a gudun not 74 (not ɗaya shi ne mil ɗaya na teku a awa) zai haura ƙafa 730 a minti. Ya ce in an sauke leɓen fiffike duka, allura za ta nuna not 40 lokacin da fiffike zai daina ɗaukar jirgin. A tafiya kuwa wajen not 120, yana shan galan 9 zuwa 10 a awa. Sai na saita yanayi ba iska, na cika tanki da kujeru, na riƙe agogo da biro. Nan na koyi auna jirgi maimakon kallonsa. Na kuma ci kunya sau ɗaya: na rantse wani jirgi ya gaza gudun littafi, ashe ni ne na rikita gudun da allura ke nunawa da gudun gaskiya. A sama allura tana rage lissafi, kusan kashi 2 cikin 100 a kowace ƙafa 1,000.

Gwajin da na fi so shi ne na kai jirgi Leadville, a jihar Kolorado ta Amurka, filin da ke kusan ƙafa 10,000 bisa teku, in ƙara zafin rana, in cika shi da kaya. Injin da ba shi da turbo yana asarar kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000, don haka dokin nan 180 ya koma wajen 130 tun kafin ka saki birki. Jirgin kirki zai ja ƙafa a kan titi, ya tilasta maka rage mai kafin tashi, ya haura da ƙyar kamar jakin da aka yi wa lodi. Wanda ya zabura sama kamar yana bakin teku, ƙarya yake yi. Haka nan idan ka danna totur duka ba ka ji hanci na ja hagu ba, har ka nemi taka fedar dama, to farfelar ado ce.

Bayan wata biyu a cikin 172 sai na zauna na rubuta irin tafiyar da nake yi da gaske, ba wadda nake mafarki ba. Awa ɗaya. Mil 100 zuwa 140 na teku. Rana, ina kallon ƙasa, jefi-jefi in shiga gajimare. Da wannan ma'auni Cessna 152 ya fita, duk da ina son sa, don da ƙarfin doki 110 dare zai raba ban isa ba. Diamond DA40 mai injin dizal ma ya fita, amma don wani dalili dabam: liba ɗaya gare shi, kwamfuta ke kula da mai da farfela, ni kuwa wannan kulawar ce nake nema. Wanda burinsa kallon tsaunuka da koyon taswira, shi wannan sauƙin alheri ne gare shi.

Batun allo ma ya shigo. Garmin G1000 ya haɗa komai a gilashi biyu, abin sha'awa, amma a allon kwamfuta guda rubutunsa ƙanana ne, kullum ina matsowa ina ja da baya. Tsofaffin agoguna shida masu allura kuwa, da wutsiyar ido ake karanta su. Na zaɓi allura, da ƙaramar na'urar GPS a gefe. Mai allo biyu ko mai sa tabarau na musamman ba lalle ya yarda da ni ba.

Biyu suka rage: Piper Arrow na Just Flight, mai doki 200 da tayoyin da ke naɗewa, da Piper Comanche 250 na A2A Simulations da ya fito a 2023. Kafin in biya na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na sauke littattafansu na karanta, na duba yaushe aka yi musu gyara na ƙarshe, na kalli bidiyon masu tuƙa irinsu a zahiri, ba na masu ihun "ya yi kyau" a ranar fitowa ba. Na kuma tabbatar da wace manhaja aka yi su, don jirgin da aka yi wa wata manhajar, X-Plane 12, ba ya hawa kan Microsoft Flight Simulator, kuma tsakanin fitowarta ta 2020 da ta 2024 ma sai an duba. Mai amfani da Xbox ba shi da zaɓi sai kasuwar cikin manhaja. Mai kwamfuta yana iya saye kai tsaye daga maƙera, inda gyara kan riga isowa.

Comanche na ɗauka. Tsohon jirgi ne, Piper ta fara sayar da shi a 1958, ta daina a 1972 bayan ambaliyar guguwar Agnes ta cinye masana'antarta da ke Lock Haven. Injin Lycoming mai silinda 6 da kafireta, gudu sama da not 150. Amma ba gudun ne ya riƙe ni ba. Jirgin ba ya mantuwa. Yadda ka ajiye shi jiya haka za ka tarar da shi yau. Na taɓa barin batir a kunne na tafi kwanciya, washegari ko tari injin bai yi ba. Kafin tashi sai ka zagaya shi, ka kwance igiyoyi, ka cire marfin bututun auna gudu, ka duba baƙin mai, ka tsiyayi ɗan fetur ka ga shuɗi ne kuma ba ruwa a ƙasansa.

A mako na biyu ya ba ni darasi. Na daɗe a ƙasa ina saita rediyo, inji na juyawa a hankali, mai a buɗe duka. Da na zo gwajin maganeto, na'urar da ke ba fulogi wuta, na juya makulli gefe guda, sai jirgin ya hau kakkarwa, allurar zagaye ta faɗi. Na fara zargin manhaja, kamar yadda na saba. Ashe fulogi ne suka yi datti, domin fetur ɗin jiragen nan, 100LL, yana ɗauke da dalma, kuma inji mai sanyi da mai da yawa yana tara ta. Na ƙara totur, na rage mai na ɗan lokaci, suka ƙone dattin, sauti ya dawo sumul. Maɓallin da ya yi mini shiru a jirgin farko, shi ne ya yi magani a nan. Wani dare kuma cikin damshi na ga ƙarfi na raguwa sannu a hankali ba dalili. Ƙanƙara ce ke taruwa a maƙogwaron kafireta, abin da kan faru ko da iskar waje ba ta yi sanyi sosai ba. Na ja maɓallin iska mai zafi, inji ya yi gyaran murya, ya warware.

Ba kowa zai so wannan ba, kuma ban ga laifinsa ba. Akwai daren da na gaji, ba na son jirgin da zai yi mini gardama, sai in koma 172 na kyauta in yi zagaye uku in kashe. Mai inji biyun yana nan, ina jiran ranar da zan sayi feda.

Abin da ban faɗa wa abokina ba sai kwanan nan shi ne saukata ta tara da Comanche. Komai ya tafi daidai, gudu daidai, titi a tsakiyar gilashi. Na rage totur sai wani ƙaho ya fara kuka. Na ɗauka gargaɗin raguwar gudu ne, na ɗan sunkuyar da hanci, na ci gaba ina yabon kaina. Watanni a cikin 172 sun sa na manta akwai jirgin da tayoyinsa ke ciki. Ƙarar ciki a kan kwalta ce ta tuna mini. Washegari na buɗe manhajar na tarar da aikin gyara yana jirana. Yanzu akwai 'yar takarda liƙe a ƙasan allona, kalma ɗaya ce a jiki: taya.