Mun ɗauka hunturu ne

Jiya na raka ƙanwata karɓo magani. Muna cikin Keke Napep daga Rigasa na tsura wa hannunta ido, fata sumul. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Bara war haka ƙuraje masu ƙaiƙayi sun cinye mata hannu da ƙafa, faratanta sun yi kauri, harshenta fari fat kamar an shafa kindirmo, ko kunu da ƙyar take haɗiyewa. Muka ce hunturu ne, muka yi ta shafa man kaɗanya. Likita na duba bakin ta ce a gwada jini, don farin nan yakan fito idan garkuwar jiki ta yi rauni. Ashe HIV ne.

Kullum tana shan maganinta, ba fashi. Tabon ƙafa ne bai gama bajewa ba, har yanzu sai da safa take fita.