Wasiƙa daga Baltimo: kejin kama ƙaguwa

Assalamu alaikum, mutanen Garwa da na Lagdo. Lafiya lau nake, sai kewar gida. Gaisuwa ta tsaya nan, domin tun ranar da na saka hotona a Facebook riƙe da ƙaguwa wayata ba ta huta ba. Kawu ya tambaye ni yadda ake kama ta har sau uku, Yaya kuwa cewa ta yi ko yunwa ce ta kai ni ga cin wannan abu mai kama da kunama. Ga amsa a dunƙule, in wuri ya ragu zan taɓo sanyi da kuɗin haya da na yi muku alkawari.

A nan jihar Merilan ta Amurka akwai wani babban mashigin teku da ake kira Cesafik, inda ruwan koguna ke gauraya da na gishiri. Ƙaguwarsa mai shuɗin hannu ce, mutanen nan suna ji da ita kamar yadda muke ji da giwan ruwa na Binuwai. Wani dattijo da muke aiki tare, gidansa a bakin ruwa yake, shi ya nuna mini tarkon.

Keji ne na waya mai kusurwa huɗu, kowane gefe kamar santimita 60, kuma bene ne, ɗaki a ƙasa ɗaki a sama. A tsakiyar na ƙasa akwai ɗan kwando da ake cusa kifi mai maiƙo ko wuyan kaza. Ƙofofin shiga kamar mazurari suke, baki a buɗe daga waje, a tsuke daga ciki. Kawu, gurarka ce dai, sai dai kai dusa kake zubawa. Ƙaguwa ta ji ƙamshi ta kutsa, in ta tashi fita ta rasa hanya. Ita kuwa ɗabi'arta in ta ji ta takura sama take yi, sai ta bi wata ƙofar ta faɗa ɗakin sama. Shi ke nan, ta zauna jiran mai keji. Ana ɗaura ƙarfe a gindi don ya nutse, a ɗaura igiya a jikin gadar katako ko a jikin wani abu mai yawo a kan ruwa kamar gora.

Ganin sauƙin abin na ce ni ma zan sayi nawa. Nan na gane kurena! Ashe in ba sana'arka ba ce, sai kana da gida a bakin ruwa za ka saka irin wannan keji, shi ma guda biyu kacal, kuma sai ka yi rajista, ka rubuta sunanka a jiki. Sai ka sa wani ɗan shinge a kowace ƙofa don kada kunkurun ruwa ya shiga ya mutu. Lokacin kamu daga 1 ga Afrilu ne zuwa tsakiyar Disamba. Mace ba ta halatta ga mai kamun nishaɗi ba, ka mayar da ita ruwa. Ana gane ta da jan da ke bakin hannayenta, sai ka ce ta sa lalle. Namijin ma sai ka auna, in bai kai inci 5 ba, wato kusan santimita 13, ba naka ba ne. Na kwana biyu ina karatun dokoki a intanet kamar mai shirin jarrabawa, duk a kan abin da a gida yara ke tsokana da kara a bakin rafi. Daga ƙarshe na koma igiya da wuyan kaza, wannan ba ya buƙatar lasisi.

Amma akwai abu ɗaya da ya tsaya mini a rai. A jikin ɗakin saman akwai wasu zobba da aka bari a buɗe da gangan, daidai yadda ƙaramar ƙaguwa za ta sulale ta fita, babbar ta kasa. Na tambayi dattijon ko ba asara ba ce, ya ce ta baɗi ce yake kiwo. Sai na tuna wasu samarinmu da ke jan gidan sauro a ruwa, su kwaso 'ya'yan karfasa da ba su kai ɗan yatsa ba, alhali a Lagdo har rufe kamun kifi ake yi da damina don kifi ya hayayyafa. Ban ce kowa ya yi komai ba, Kawu, amma in za ka saƙa sabuwar gura, ka ɗan sassauta idonta ka gani.

Yaya, malamanmu na Malikiyya sun halatta abin ruwa, ki kwantar da hankalinki. Namanta fari ne mai daɗi, sai dai wahalar ɓarewa ta fi abin da ake samu, kuma yajinsu bai kama ƙafar namu ba. Sanyi kuwa yana nan, haya ma haka. Duk mai zuwa ya riƙo mini yaji da busasshiyar tarwaɗa, in za su bari a shigo da ita.