Rumbun bayanaina ya daina ɓacewa

Alhamdu lillahi, 'yan uwa, yau ɗan shirin nan nawa na Python ya riƙe abin da aka zuba masa. Na rufe shi, na kashe kwamfuta, na kunna, na tarar da komai yana nan a fayil ɗin SQLite, wato rumbun bayanan shirin. Daɗin da na ji ba ya misaltuwa.

Gargadar farko ba ta daɗe ba. In ka ba shiri sunan fayil tsurarsa, a foldar da aka tayar da shi yake nema, ba a inda shi kansa yake zaune ba. Shi ya sa da Task Scheduler, mai tayar da shiri a kan lokaci a Windows, ya tayar da shi sai ya nufi System32, foldar tsarin Windows ɗin. Path(__file__).resolve().parent, mai ba da foldar da shirin yake zaune, ya kashe wannan maganar.

Inda na sha wuya shi ne bayan na ɗaure shi ya zama fayil ɗaya na exe da PyInstaller, manhajar da ke mai da shirin Python exe. Shiri ya buɗe lafiya lau, a shigar da bayani, ya ce ya adana, ba kuskure ko ɗaya. A rufe a sake buɗewa, wayam! Wallahi abin ya ci min rai, don har da bayanan da na zauna na shigar da hannu ɗaya bayan ɗaya, kuma ba su dawo ba. Na zargi commit, umarnin da ke tabbatar da adanawa a rumbu, na bi kowane layi, ƙalau yake. Sai na sa shirin ya riƙa nuna min cikakkiyar hanyar fayil ɗin, na ga wata folda a cikin Temp mai suna _MEI da lambobi a bayansa. Na buɗe ta gefe guda, ga rumbuna a ciki, na rufe shirin, foldar ta ɓace a kan idona. Ashe haka --onefile, zaɓin PyInstaller na ɗaure shiri a fayil ɗaya, yake aiki: ya zazzage kayansa a foldar wucin gadi, __file__ ya nuna can, in an gama ya share. Kowane buɗewa sabuwar folda.

Na koma sys.executable, mai nuna inda exe ɗin yake, don fayil ɗin rumbun ya zauna kusa da exe. Ya yi, har sai da na sa shi a Program Files, inda ba a rubutu sai da izinin admin.

A nan na raba kayan gida biyu. Hotuna da sauran abin da shiri ke karantawa kawai su bi __file__. Abin da mai amfani ya rubuta kuwa ya tafi inda tsarin kwamfuta ya tanada: AppData a Windows, ~/.local/share a Linux, ~/Library/Application Support a Mac. Ba sai kun haddace ba, user_data_dir na laburaren platformdirs na Python yana zaɓo muku daidai. Ku dai ƙirƙiri foldar tukuna da mkdir(parents=True, exist_ok=True), domin SQLite yana ƙirƙirar fayil amma ba ya ƙirƙirar folda.

Saura saituna, su kuma ~/.config za su koma a Linux, ban taɓa su ba tukuna.