Na ajiye kula da alli, ga abin da aikin foliyo ya koya min

Jiya na miƙa kular ɗaukar magani da takardun tali na ƙirga yara, shekara shida ina bin gida-gida ina ɗiga wa yara rigakafin foliyo ya isa haka.

Abin da har yau yake ci min rai a shekarata ta biyu ya faru. Wani dattijo a zaurensa ya ce min, yarinya, wannan ɗigon a kan 'ya'yan wa aka fara gwada shi? Ni kuma da rawar kai na maimaita abin da oga ta koya mana a tirenin, na ce Baba ai ba a taɓa gwaji a kan yara ba. Ya kalle ni kawai ya ce to ta yaya aka san yana yi wa yara aiki. Wallahi bakina ya mutu. Mutumin da yake Kano a 1996 lokacin gwajin maganin sanƙarau, yara 11 suka rasu, shi na je yi wa wayo. Ranar layin nan gaba ɗaya suka ƙi fito da yara, da yamma a wajen mitin oga ta tsayar da ni gaban kowa wai ban iya magana ba, alhali maganarta ce na kai.

Daga baya na zauna na karanta da kaina. Ashe a 1952 Jonas Salk, wanda ya ƙirƙiro allurar foliyo, ya fara gwajinta ne da yaran gidajen nakasassu a Pennsylvania, sannan ya yi wa 'ya'yansa uku. A 1954 yara kusan miliyan 1.8 suka shiga babban gwajin, yawanci a Amurka, wasu ma allurar da babu magani a ciki aka yi musu don a kwatanta. A 1955 kamfanin Cutter ya fitar da allura mai ƙwayar cuta da rai, yara wajen 200 suka shanye, 10 suka mutu. Ɗigon bakin da muke ɗauka kuwa na Albert Sabin ne, miliyoyin yara a Tarayyar Sobiyet suka sha shi a 1959.

Da wannan na faɗa wa Baba, har da na Cutter ɗin, ina ga da ya saurare ni. Na gwada hakan a wasu zaurukan kuma ya fi ci, ko da yake ba a taɓa rubuta shi a rahoto ba.

Sauran darussan kuwa ƙanana ne. Ki gaida kakar gida kafin uwar yaro. Kar ki yarda a ce kuɗinki sai zagaye na gaba.

Oga dai an ƙara mata girma bara, Allah ya sanya alheri.