Ƙarfen da Zafin Zariya Ke Narkarwa

Ran Talata na buɗe 'yar robar da nake ajiye ƙarfen galiyom a ɗakina a Samaru, na tarar ya zama ruwa, yana ƙyalli kamar zaiba. Ban kai shi kusa da wuta ba. A digiri 29.76 na ma'aunin Celsius yake narkewa, bazarar Zariya kuwa tun hantsi take wuce nan.

Bincikena a kan na'urar shinshina gas ne. Zuciyarta wani siririn shafe ne na semikondakta, wato abin da ke wuce da lantarki tsaka-tsaki, nawa kuwa haɗin kuza da oksijin ne. In ya ɗau zafi, oksijin na iska kan manne a samansa ya riƙe ilaktoron, ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, sai lantarki ya rage gudu. Da gas mai guba kabon monoksaid ya iso sai ya kwashe oksijin ɗin, ilaktoron su kuɓuta, turjiyar da shafen ke yi wa lantarki ta faɗi. Faɗuwar nan ita muke aunawa.

To, ta ina waya za ta taɓa shafen? Nan na sha wuya. Allurar ƙarfe tana karce shi, dalma ta ƙi kama shi, mita kuma sai tsalle take. Malamina ya leƙo, ya ce mahaɗar waya da shafen nake aunawa, ba gas ba. Gaskiya ya faɗa. Inda ƙarfe ya haɗu da semikondakta ana iya samun shinge mai tare ilaktoron, wanda Bajamushen nan Walter Schottky ya yi bayaninsa a 1938. In mahaɗar na rawa, shingen ma rawa yake.

Sai na koma ga haɗin galiyom kashi 75.5 da ƙarfen indiyom kashi 24.5, wanda ruwa ne a zafin ɗaki. Ɗigo ɗaya ya kwanta luf a kan shafen, ya cike ramukansa ba tare da ƙwarzane ba. Iska na taɓa shi yake yin wata 'yar fata da ke hana shi malala. Sai dai fatar ma tana shiga lissafin mahaɗar. Kada ka bari ya taɓa alminiyom, cinye shi yake.

Damuwata hunturu ce. Haɗin nan yana iya daskarewa ƙasa da digiri 15.5, asubar Disamba a Samaru kuwa takan sauka nan. Kuma a lokacin ne mutanenmu ke shiga ɗaki da kaskon gawayi su toshe taga, ga kabon monoksaid ɗin da gawayin ke fitarwa ba ya wari. Shi ya sa na roƙi Malam ya ƙara mini lokaci, in maimaita awon da sanyin asuba.