Daren Seder: labarin fita daga Masar da kusan babu sunan Musa

Wanda ya tashi da ƙissar Annabi Musa da Fir'auna zai yi mamaki idan ya buɗe Haggada, littafin da Yahudawa ke karantawa a wurin cin abincin ibada da ake kira Seder, a daren 15 ga watansu na Nisan, farkon Idin Ƙetarewa. Labarin fita daga Masar ne, amma a matanin gargajiya sau ɗaya tak sunan Musa ya fito. Da gangan ne, domin littafin ya nanata cewa Ubangiji da kansa ya fitar da su, ba ta hannun mala'ika ko ɗan aike ba.

Kalmarsu ta wannan fitarwa ita ce ge'ula, kuma ta yi kusa da "fansa" tamu: ɗan'uwa ya biya ya karɓo nasa daga bauta. Ba wa'azi ake yi a kanta ba. A kan tebur ake jera ta. Ana shan kofi 4 na ruwan inabi, daidai da alkawura huɗu na Ubangiji a Attaura, Littafin Fitowa 6:6-7: zan fisshe ku, zan kuɓutar da ku, zan fanshe ku, zan ɗauke ku. Ana ajiye gurasa 3 marar yisti, wato matza. Ƙullunta idan ya wuce minti 18 da taɓa ruwa ba a gasa ba, ya haramta, don gurasar masu gudu ce, ba ta jiran kumburi. Ga ganye mai ɗaci, ga ruwan gishiri.

Mishna, tsohon kundin dokokin malaman Yahudawa, ta ce a fara labarin da wulaƙanci a ƙare da yabo. Malamai biyu, Rav da Shmu'el, sun saɓa kan wane wulaƙancin: bautar gumaka ta kakanni ko bautar Fir'auna? Haggada ta ɗauki duka biyun. A ganina nan ne zurfin yake, domin fansar ta zama ta jiki da ta zuciya.

Inda ake yin kuskure shi ne maigida ya zuba karatu da Ibrananci ba wanda ke ganewa, yara su yi barci. Ƙa'idar ita ce autan gida ya yi tambayoyi huɗu tukuna, kuma kowa ya ɗauki kansa kamar shi ne ya fito daga Masar. Shi ya sa ake ɓoye ɓarin matza, afikoman, yara su nemo a ba su tukuici.

Akwai kofi na biyar da ake cikawa ba a sha. Na Annabi Iliya ne, mai bushara da Almasihun da suke jira. Ana buɗe masa ƙofa, sannan a rufe daren da cewa baɗi sai a Urushalima.