Sakwarar da ta ƙi kamawa

Ranar Asabar da ta wuce maiɗakina ta dafa doyar da na sayo a bakin titi wajen Kawo. Aka yi ta luguden taɓarya, sakwara ta ƙi kamawa, sai tsinkewa take yi a turmi. Washegari na ɗauki sauran guda ɗaya na kai wa Kawu a rumfarsa ta kasuwar Bakin Dogo. Ya juya ta a hannu, ya karce bawon da farce, ya ce, "Malam, ai sakata aka ba ka. Wannan ruwa ne cikinta."

Ni da nake koyar da ilimin halittu a sakandare, abin ya tsaya mini a rai. Sakata ita ce Dioscorea alata, asalinta daga Asiya. Farar doyarmu ta sakwara kuwa Dioscorea rotundata ce, 'yar Afirka ta Yamma. Dangin nan na Dioscorea ya kai jinsi wajen 600, har da doyar bisa da wasu na daji masu guba. Kuma Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman doya, amma sunayen da muke kiranta da su kan sauya daga kasuwa zuwa kasuwa.

Masana sun samo hanyar da ba ruwanta da suna. Kun san layi-layin nan da ke jikin kwalin magani, wanda na'ura ke haskawa ta faɗi ko mene ne? A 2003 Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya kawo shawarar a yi wa halittu irin wannan shaida da ɗan guntun DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jikin halitta. A 2009 aka tsayar da guntaye biyu don tsirrai, rbcL da matK, duka daga sashen da ke ba ganye korensa. Ɗan yankin ganye ya isa. A niƙa shi, a tace DNA, na'ura ta ninka guntun nan sau miliyoyi, a karanta jerin haruffansa, A, T, G da C, a gwada da na doyar da aka riga aka sani. Waɗanda haruffansu suka fi kama su ne 'yan ɗaki ɗaya.

Da wannan, raba sakata da farar doya ba wuya. Inda gizo ke saƙa shi ne tsakanin farar doya da mai rawayan ciki, cayenensis, da kuma na daji biyu, abyssinica da praehensilis. Kusancinsu ya yi yawa, guntayen nan ba sa raba su sosai, sai an karanta DNA mai yawan gaske. Balle a ce su bambanta ire-iren farar doya kamar Amula da Ɗan Anaca, da yake duk jinsi ɗaya ne.

Abin da ya fi damuna iri ne. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan na ajiye da dubban samfuran doya, amma manomin Kagarko har gobe da ido yake sayen irinsa, in an cuce shi sai bayan wata bakwai ko takwas ya gane. Na gaya wa Kawu haka, ya ce in samo masa ganyen kowace iri mu shanya. Na fara da sakatar nan, na binne kanta a bayan ɗaki.